Inda Za Ka Sa Ƙafa a Dirku

Ɗana, mahaifiyarka ta aiko mini cewa gudun yada ƙanin wani ya shiga ranka, har kana cigiyar takalmi, kana kuma tambayar mutane inda za ka riƙa atisaye a garin nan namu da ba shi da kwalta. Ita so take in hana ka. Ni ba zan hana ka ba. Saurayin da ke tashi da asuba don ya hori jikinsa ya fi mini wanda hantsi ke iskewa a shimfiɗa, kuma da irin wannan ce damuwar samarin Dirku duka, da iyaye sun huta. Sai dai tsoronta ba na banza ba ne. Ka ba ni kunnenka, in gaya maka inda za ka sa ƙafa da inda ba za ka sa ba.

Na san abin da kake kallo a salula. Titunan Berlin da Landan da Legas, shimfiɗe sumul, an tare motoci, an jera tebura da ruwa, jama'a na tafi a gefe. Sai ka dubi lungunanmu da rairayi ke haɗiye sawu, ka ce a ranka ai ba a nan ake zama ɗan tsere ba. To ka sani, waɗancan tituna na ranar gasa ne. Mutanen da kake gani suna karɓe kyauta, yawancin atisayensu a kan turɓaya suke yin sa. A Iten da Kaptagat na ƙasar Kenya, hanyoyin jar ƙasa ne tsakanin gonaki da kurmi, kuma a Kaptagat ɗin ne Eliud Kipchoge ya yi shekaru yana shiri, shi da ya gama gudun cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Berlin a 2022. Da gangan suke bin ƙasa, don ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa da ƙwauri. Abebe Bikila na Habasha kuwa, ranar da ya ci zinariya a Rum a 1960, ko takalmi babu a ƙafarsa. Ba cewa nake ka tuɓe naka ba, ƙasarmu akwai ƙayar dabino da kunama. Ina dai so ka cire wa ranka cewa rashin kwalta ne zai tauye ka.

Abin da suke da shi wanda ba mu da shi, tudu ne da sanyi. Iten tana bisa tsauni, wajen mita 2,400 sama da teku, iskar can ba ta da kauri, jikin wanda ya zauna a wurin yakan ƙara jini don ya wadatu, ga itatuwa ga raɓa. Mu a gindin dutsen Kawar muke, ko mita 500 ba mu kai ba, kuma abin da Allah ya ba mu a yalwace rana ce da fili. Ruwan saman da ke sauka a Bilma maƙwabciyarmu a shekara yawanci bai kai milimita 20 ba, wata shekarar ma ko ɗigo. A watan Yuni na 2010 ma'aunin zafi a can ya haura 48. Ɗan Kenya in ya gaji a hanya, sai ya raɓa gindin itace, ya roƙi ruwa a gida na gaba. Kai in ka bar dabino na ƙarshe a bayanka ka fuskanci yamma, hamadar Tenere ce a gabanka, ba gida ba inuwa.

Shi ya sa nake so ka zaɓi hanyarka yadda madugun ayarin gishiri ke zaɓen tasa. Buzayen da ke tasowa daga Abzin bayan damina su ratso Tenere zuwa Fashi da Bilma ba sa tambayar wace hanya ta fi miƙewa. Daga rijiya zuwa rijiya suke lissafi, kuma tun a zuwa suke ajiye damman ciyawa a hanya don raƙuma su sami abin ci a komowa. Madugu tun bai ɗaura kaya ba ya gama shirin dawowa. Kai ma hanyar da ta dace da kai ita ce wadda, a duk inda ƙafarka ta ƙi a cikinta, za ka iya takawa a hankali ka isa ga ruwa da inuwa da mutane kafin rana ta ɗaga. Duk hanyar da ba ta cika wannan ba, komai kyan ƙasarta, ka bar ta.

Don haka gudunka na kullum ya zama kewaye. Ka nemi zobe na kilomita 3 zuwa 5 a gefen gari da bakin garake, inda ƙafar mutane da ta jakai ta riga ta daddaɓe ƙasa. Kafin ka yi gudu a kansa ko sau ɗaya, ka bi shi a tafe da la'asar, ido na gani. Ka lura da ramuka, da hanyoyin ban ruwa da ke ratsa turba, da kututturen da rairayi ya rufe rabi, da inda aka zubar da reshen dabino, don ƙayarsa tana huda tafin takalmi ta karye a cikin nama. Ka san gidan da ke da kare. Sannan ka roƙi wani abokinka mai babur ya auna maka da agogon babur ɗinsa, ka aza ɗan tarin duwatsu a kan kowace kilomita. Jarkarka ta ruwa kuwa ka ajiye ta tun daren jiya a garkar wanda ka sani, a rufe, a inuwa. Zoben kilomita 5 in ka kewaya shi sau 4 ka yi 20 ke nan, ka wuce ta kan ruwanka sau 4, kuma ko a ina ka gaza ba ka yi wa gida nisa ba.

Za ka ce ai da gundura, mutum ya yi ta wuce dabino ɗaya tun asuba. Gaskiya ne, da gundura. Amma gudun kilomita 42 da mita 195 rabinsa haƙuri ne, kuma zuciyar da ta iya wuce bakin gida karo na shida ba ta tsaya ba, ita ce za ta ɗauke ka ranar gasa bayan ƙafafu sun ce sun gama. Ka dai riƙa juya kewayen, yau ta dama gobe ta hagu, kada ƙafa ɗaya ta riƙa ɗaukar karkatar ƙasa kullum.

Yanzu maganar ƙasar kanta, don a nan ne mai gudu a Kawar ke buƙatar ido. Baƙo na ganin duk rairayi ne, amma kai ka san ba haka ba. Wadda ta fi maka ita ce fako mai ƴar tsakuwa a sama. Ga yadda za ka gane ta: ka taka, ka ɗaga ƙafa, ka duba. In zanen tafin takalminka ya fito sarai, bakin sawun bai rufta ba, zurfinsa bai kai gaɓar yatsa ba, to wannan ita ce ƙasarka, ka yi mata alama. In kuwa sawun ya zama rami, rairayi na gangarowa yana cike shi tun ba ka kau da kai ba, wannan ta ƙarfafa ƙafa ce, ba ta dogon gudu ba. Masana sun auna sun ga gudu a rairayi mai laushi na cin ƙarfin da ya kai ɗaya da rabi na gudu a ƙasa mai tauri, ko ya ɗan fi. Dunduniya tana nutsewa, agara tana miƙewa fiye da kima, sha-raɓa na aiki ba hutu. Sau ɗaya a mako ya isa: ka sami tudun rairayi kusa da gari, ka hau da gudu na ɗan lokaci, ka sauko a tafe, ka maimaita kaɗan, ka koma gida tun da sauran ƙarfinka. Gefen tudun da iska ke bugu ya fi tauri, gefen da take zubar da yashi shi ne mai cin ƙafa, kuma direbobinmu za su gaya maka rairayi ya fi riƙe nauyi da sanyin safiya. Akwai kuma wata ƙasa mai yaudara, wato farin ɓawon nan na bakin tafkuna da ramukan kanwa, irin na wajen Arrigi. A ido busasshe ne, sai ka taka ya fashe, ƙafa ta faɗa taɓo, ga gurɗewa, ga kanwa na cin faso. Ka kewaye shi daga nesa.

Dutsen da ke gabas da mu ma yana da amfaninsa. Ta bayansa rana ke fitowa, saboda haka wanda ke kusa da gindinsa na samun ɗan ƙarin inuwa da safe, kuma gangarensa shi ne hawan da muke da shi. Mutanen Kawar na dā sun san waɗannan duwatsu, don a irin na Anai suke hayewa da yara da guzuri in mahara sun taso. Sai dai duwatsun gangare suna mirginawa, kuma maciji na fakewa a ƙarƙashinsu. Can ba wurin duhu ba ne, ba kuma wurin mutum ɗaya ba.

Dogon gudu kuwa, na sau ɗaya a mako, nan ne jerin garuruwanmu ya zama rahama. Allah ya jera su a layi ɗaya daga arewa zuwa kudu, dabino na miƙa wa dabino, ruwa kusa da sama. Kana iya yin arewa ta wajen Arrigi da Ashinuma, hanyar da ke kai wa Anai, ko ka yi kudu wajen Shimindur. Ka je ka dawo, kana bin sawun da mutane ke bi, dutse na gefenka yana nuna maka gabas. Duk gudun da zai wuce awa ɗaya da rabi a wajen gari, wani ya bi ka a babur da ruwa, kuma a gida a san ta ina ka yi da lokacin da za a fara nemanka. Ka riƙa juyowa da agogo, ba da jin daɗin jiki ba, don jiki na yin ƙarya a rabin farko. In ka yi niyyar awa 2, ka juya kafin awa ɗaya ta cika, saboda komowa kullum ta fi zuwa nauyi, ga rana na ƙaruwa. Ka lura da iska ma. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, to ka fara da fuskantarta tun kana da ƙarfi, ta turo ka gida, kada ta buge ka a jiƙe da zufa. In zafi ya fara shigowa sai ka sauya, ka fita tana bayanka da sanyin asuba, ka dawo tana fifita ka, don iskar da ke bin bayan mai gudu ba ta busar masa da jiki.

Wurare uku ne nake roƙonka da girman Allah ka nisance su. Filin jirgi na da kwalta, na kuma san za ta ba ka sha'awa, amma wurin soja ne, shi da kewayen bariki. Ka sa kanka a matsayin yaron da ke gadi cikin duhun asuba, bindiga a hannu, a ƙasar da ake fama da ƴan fashi, sai ga mutum ya nufo shi a guje. Kada ka jefa shi cikin wannan, kada ka jefa kanka. Ka je da rana ka gaishe su, su san fuskarka da lokacin fitarka, ka riƙa sa riga mai haske. Sai hanyar manyan motoci da Hilux, mai zuwa daga Agadas ta wuce Sigidin da Madama, musamman ranakun da ayarin motoci ke shigowa. Direban da ke cikin rairayi ba ya son taka birki don kada ya kafe, ƙurar na gabansa ta rufe masa ido, ba zai gan ka ba sai ya zo kanka. Na ukun shi ne yamma, cikin Tenere.

A kan wannan na ukun zan ɗan daɗe, don na san jinin samartaka. Fili ne shimfiɗaɗɗe, wani wurin ma ƙasarsa ta fi ta gari daɗin gudu, sai ka ce bari in yi kilomita 10 in juyo, ai ina hangen dutse. Hazo ba ya sallama. Cikin ɗan lokaci sai dutsen ya ɓace, iska ta share sawunka, ko'ina ya zama iri ɗaya, kuma mutumin da ba ya ganin alama kewaye yake yi yana zaton miƙewa yake. Ba sai na tuna maka ba, a 2017 mutum 44 suka rasu da ƙishirwa tsakanin Agadas da garin nan bayan motarsu ta lalace. Akwai wata gasa da ake yi a hamadar Maroko tun 1986, ta wajen kilomita 250 cikin mako guda, mai likitoci da motoci da masu lura a kowane zango. Duk da haka a 1994 guguwa ta ɓatar da wani ɗan Italiya, Mauro Prosperi, ya yi fiye da mako yana gararamba, sai a cikin ƙasar Aljeriya makiyaya suka tsince shi. Wasu mutum uku kuma da suka ratsa Sahara da gudu daga Senegal zuwa Bahar Maliya cikin kwana 111, tsakanin 2006 da 2007, suka bi ta Agadas da Tenere suka shiga Libiya, da motoci suka yi tafiyar, da likita, da jagorori ƴan ƙasa. In guguwa ta riske ka a ko'ina ne, ka tsaya inda kake, ka juya mata baya, ka rufe hanci da baki da rawani, ka jira. A wurin da aka san ka bi za a neme ka.

Lokaci kuwa ba shi da wuyar faɗi. Ka yi sallar asuba, ka jira gari ya ɗan waye yadda za ka ga inda kake takawa, ka fita. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne kakar dogon gudu a nan. Ɗari kan yi tsanani har ma'auni ya kusa sifiri da dare, to ka fita da riga biyu, ka fara a hankali har jiki ya ɗumama, ka ajiye ta saman a wurin jarkarka. Daga Afrilu zuwa Satumba kuwa, gajere kawai, a gama kafin rana ta yi ƙarfi. Kada wani ya ruɗe ka da cewa gudu cikin garjin rana ne ke sa mutum tauri. A gasar duniya ta Doha a 2019, da tsakar dare aka tashi gudun mata don gudun zafi, amma cikin 68 da suka fara, 28 ba su kai ƙarshe ba, kuma zaɓaɓɓun duniya ne. Bayan wannan ne aka ɗauke gudun wasannin Olamfik daga Tokyo aka kai shi Sapporo mai sanyi. Saboda haka ka nemi gasar da za ta faɗo a ƙarshen ɗari, yadda duk wahalar shirinka za ta zo cikin watannin sauƙi. Ta Legas, wadda aka fara a 2016, a Fabrairu ake yin ta, sai dai zafin can mai laima ne, zufa ba ta bushewa a jiki, dole ka rage sauri fiye da yadda ka saba.

Namu zafin kuwa ɓarawon ruwa ne. Iskar ta bushe ƙwarai, zufa na tashi tun ba ta jiƙa riga ba, sai ka ɗauka ba ka zubar da komai ba. Ka dubi rigarka bayan ta sha iska, za ka ga farin zane a kafaɗa da baya, ka shafa goshinka ka ji gari-gari. Gishirin jikinka ke nan. Mai gudu cikin zafi kan rasa lita guda a awa, wani ma fiye. In kana son sanin naka, ka hau sikelin mai shago kafin ka fita da bayan ka dawo: kowane kilo da ya ragu, kusan lita guda ce. Fitsarinka ma shaida ne, in ya yi ja ya ƙanƙance, akwai bashin ruwa a kanka. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Amma kada ka yi ta ɗura wa cikinka ruwa zalla a dogon gudu, don yana tsinka gishirin jini, shi ma yana kayar da mutum. Haɗin da likitoci ke koya wa iyaye mata shi ne naka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishirin miya nake nufi, beza mai kyau, ba kanwa ba.

Abinci kuwa yana rataye bisa kanmu. Abin da jiki ke tarawa na ƙarfin gaggawa yakan ƙare wajen kilomita 30, shi ya sa za ka ga jarumi ya tsaya cak a nan, ƙafa ta yi nauyi, ido na duhu. Maganinsa shi ne ka fara ci tun ba ka ji yunwa ba. In awa ɗaya ta wuce, dabino ɗaya ko biyu kowane rabin awa, da kurɓin ruwa. Ka cire ƙwallayen tun a gida, ka ƙulle a leda, don mai haki ba ya wasa da ƙwallo a baki. Ka saba wa cikinka da haka a atisaye, kada ranar gasa ta zama ranar gwaji. In ka dawo, fura da nono, sannan abinci sosai.

Wanda zai bi ka a babur, ka koya masa abu guda. In ya ga kana tangaɗi, ko ya yi maka magana ka ba shi amsar da ba ita ba, ko ka fara faɗa ba dalili, kada ya nemi shawararka, don a lokacin hankalinka ba ya tare da kai. Ya tsayar da kai, ya kai ka inuwa, ya kwara maka ruwa a kai da wuya da hammata, ya yi ta fifita, ya kai ka likita. Kai ma in ka ji jiri, ko tsigar jikinka na tashi cikin zafi, ko kai na sarawa, gudun ranar ya ƙare.

Kada ka yi wa jikinka gaggawa. Huhu da zuciya suna saurin sabawa, cikin ƴan makonni za ka ji kamar ka tashi sama, amma ƙashi da jijiya sai a hankali, kuma a wannan tazarar ce yawancin samari ke ji wa kansu ciwo. Ka ba kanka wata 5 ko 6. Yawancin gudunka ya zama sassarfa wadda za ka iya hira a cikinta ba tare da numfashi ya yanke ba. Abin da za ka ƙara a mako kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon jiya, mako na huɗu kuma ka rage, kuma kowane mako a sami ranar da ba ka gudu sam. Gudunka mafi tsawo ya tsaya a kilomita 30 zuwa 32, makonni 3 kafin gasa, daga nan ka yi ta sassautawa. Ciwon da ya bazu a cinya gajiya ce, zai wuce. Ciwon da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashin ƙwauri ko a agara, wanda ke ƙaruwa in kana gudu, wannan hutu yake nema. Tun farko ma ka je a auna maka jini a saurari zuciyarka. Kuma ɗana, ka ji wannan da kyau: za a sami wanda zai miƙo maka tramol ya ce yana kashe gajiya. Abin da yake kashewa shi ne jin gargaɗin jikinka, sannan ya kama ka ya ƙi saki, mun kuwa ga abin da ya yi wa ƴaƴan mutane. Ko ƙwayoyin ciwon jiki na kanti kada ka sha kafin dogon gudu, don in sun haɗu da ƙishirwa suna taɓa ƙoda.

Da azumi ka sassauta. Ƴar sassarfa gab da shan ruwa, kusa da gida, ko bayan asham a wurin da ka sani sosai, da fitila. Dogon gudu ya jira bayan salla.

Ka kuma tuna cikin mutane kake. Wandonka ya sauka ƙasa da gwiwa, ba zai rage maka sauri ba. Garkar mutum ba a ratsa ta sai da izininsa, kuma in an ba ka, ka kiyayi shukarsa da bakin kwalbatinsa. Dattijon da ka iske a hanya ka rage gudu ka gaishe shi, in mata na ɗiban ruwa ka ba su fili. Za a yi ta tambayarka wa ya koro ka, yara za su bi ka da ihu. Ka amsa da fara'a, don waɗannan mutanen su ne tsaronka: mai garkar da ya saba ganinka kowace safiya shi ne zai fara cewa yau fa yaron nan bai wuce ba. Mu mutanen kokowa ne, ita muka sani muka girmama, kuma lambobin Olamfik biyun da Nijar ta samu, na Issaka Dabore a dambe a 1972 da na Abdoul Razak Alfaga a taikwando a 2016, babu na gudu a ciki. Ba abin mamaki ba ne in an yi maka kallon baƙon abu. In ka ga wani yaro ya nace da binka, ka ja shi a jiki, ka koya masa a hankali, kai ma ka sami abokin hanya.

In gasar ta matso, ka yi ƙoƙari ka isa gari mai kwalta da mako ɗaya ko biyu a hannu, Agadas ko Damagaram ko Yamai, ka ɗan riƙa taka ta kaɗan-kaɗan da safe. Ƙafar da ta saba da ƙasa tana jin dukan kwalta a cinya da tafi, gara ta fara ji tun kafin ranar. Za ka ga kuma saurinka ya ƙaru ba da niyya ba, don ƙasa ba ta cin takunka, to ka riƙe kanka a kilomitocin farko. Takalmin da ka yi atisaye da shi, wanda ya san ƙafarka, da shi za ka shiga, sabo yana fitar da bororo.

Saura maganar Bilma, don na san tana ranka ko ba ka faɗa ba. Daga nan zuwa can wajen kilomita 45 ne yadda direbobi ke ƙirgawa, wato tsawon gudun da ɗan ƙari, kuma duk saurayin Dirku da ya ji haka sai ya ce wata rana zai yi kalaci a Bilma da ƙafarsa. Ban ce kada ka yi ba. Amma ba atisaye ba ne, kuma saboda rairayin hanya ya fi gasar kanta wuya, don haka sai bayan ka gama gasa ɗaya lafiya ka huta. Ka bari sai Disamba ko Janairu, ranar da ba hazo. Ku zama aƙalla ku biyu masu gudu, da mota a bayanku ɗauke da ruwa mai yawa da wanda ya san hanya, a sanar da hukuma a nan, a kuma sanar da wanda zai tarbe ku a can. Ku tashi da an sallame asuba. Ku yanke tun a gida cewa in ƙarfe 10 ta yi ba ku hangi dabinon Bilma ba, mota za ku shiga ba gardama, kuma direban ne mai yanke wannan hukunci. In lokacin ya zo ka faɗa mini da wuri, ni zan je in yi wa mahaifiyarka bayani, kuma kuɗin man motar a kaina.